Ɗura sabon gas a AC ɗin tsohuwar mota ba gyara ba ne

Da zarar zafin Afrilu ya kankama, matashin da ya gaji Marsandi 190 ko Fijo 505 a gida zai garzaya wurin mai gyaran AC. Amsar da aka saba ba shi ita ce: "Gas ne ya ƙare, bari a ɗura." Anan ake tafka kuskuren.

Motocin da aka ƙera kafin kusan 1994 da gas ɗin R12 suka zo. An daina sarrafa shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana lalata rufin ozon da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa. R134a ne ya maye gurbinsa, kuma shi ne ya cika kasuwa.

Matsalar tana cikin mai. Kwamfiresan R12 da man ma'adinai yake aiki, shi kuwa R134a ba ya gaurayuwa da wannan man, balle ya zagaya da shi cikin bututu. Sai kwamfiresa ya riƙa juyawa a bushe. Mai mota zai sha sanyi na ɗan lokaci, ya yaba wa makanike, daga baya ya sayi kwamfiresa da kuɗin da ya ninka na gas ɗin.

Canji na gaskiya sai an kwashe tsohon gas, an wanke bututu, an zuba man da ya dace, PAG ko POE. A sauya robobin mahaɗa da 'yar tukunyar da ke tsotse danshi, a zuƙe iskar ciki da inji, sannan a ɗura kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na nauyin da motar ke ɗauka a da. A kan sikeli, ba da ƙiyasin ido ba. Ko da an yi haka, sanyin kan ragu a cunkoso idan kwandensa ƙarami ne ko fanka ta raunana, kuma ya kamata makanike ya faɗi hakan tun kafin ya karɓi kuɗi.

Abin mamaki, mutumin da ba zai sayi caja ba sai ya duba wat nawa ce, shi ne zai bari a ɗura wa motarsa gas daga tukunyar da ko rubutu babu. Ta yiwu R22 ne na AC ɗin gida, wanda matsinsa ya fi ƙarfin bututun mota, ko ma gas mai kama wuta.

Wanda bai shirya wa cikakken aikin ba, gara ya sauke gilashi har kuɗin su taru. Wanda ya yi kuma, ya sa a manna takarda a ƙarƙashin bonet mai ɗauke da sunan gas, irin mai da nauyin da aka zuba, don makanike na gaba.