Makarantun Mishan: na wa ne, kuma har yaushe?

Duk wanda ya san Yamai ya san abin da ke faruwa idan lokacin komawa lakwal ya ƙarato. Manyan ma'aikata, 'yan kasuwa da hafsoshi, kowa yana neman wanda zai sama wa ɗiyarsa gurbi a Kwalejin Mariama, ko ɗansa a Lisen Issa Beri na 'yan ƙungiyar La Salle. Akasarin waɗannan iyaye Musulmi ne, akasarin ɗaliban ma haka. Babu laifi a nan. Laifin yana wurin waɗanda aka damƙa wa amanar makarantar gwamnati, suka bar ta ta lalace, sa'an nan suka kwashe nasu 'ya'yan suka kai inuwar Mishan.

A kan yi maganar ingancin waɗannan makarantu kamar wani asiri ne. Ina asirin yake? Malami yana shiga aji a kan lokaci, ana biyansa ƙarshen wata, shugaban makaranta yana duba littattafan yara, shekarar karatu tana farawa ta ƙare ba tare da yajin aiki ya cinye rabinta ba. Shi ke nan. Abin da kowace lakwal ta ƙasar nan ta san yi ke nan kafin tsarin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya ya rage ɗaukar malamai, kafin a cika azuzuwa da 'yan kwantaragi da ke bin bashin albashi wata da watanni. Sakamakon ya fito fili a binciken PASEC na 2014, inda yara fiye da 9 cikin 10 na ajin ƙarshe na firamare a Nijar suka kasa kai matakin karatun da ake bukata.

To, a bar Yamai a kama hanyar Filinge. A Imanan, manomin Bankuku da ke haƙon dankalin Turawa a Dallol Boso, me wannan inganci ya tsinana masa? Ɗansa yana karatu cikin runfar zana, wadda ba a kafa ta sai an gama girbi, ruwan farko kuma ya rushe ta. Tun da rashin tsaro ya mamaye jihar Tilaberi, abin ya ƙara muni: a 2023 makarantu fiye da 800 ne aka ƙirga a rufe a jihar. Yaron Kurfai da aka kora daga aji ba ya cikin lissafin masu takarar gurbi a Mariama, ko labarinta bai taɓa ji ba.

Nan ne za mu juya ga masu Mishan ɗin su kansu, cikin girmamawa amma ba da rufa-rufa ba. Jean-Baptiste de La Salle ya kafa ƙungiyarsa a Faransa wajen 1680 domin koyar da 'ya'yan talakawa kyauta. Yau talaka ne na ƙarshe a layin ƙofarsu. Za su ce ƙauye ya zama haɗari, kuma gaskiyarsu ne: an sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga cikin Satumba 2018, bai samu kansa ba sai Oktoba 2020. Ba wanda zai ce su je su gina aji a bakin kura. Amma me ya hana a ware gurabe na kyauta, da wurin kwana, domin yaran Imanan, Abala da Banibangu da suka nuna hazaƙa? Me ya hana su buɗe ƙofa su horar da malaman karkara lokacin hutu? Idan iyayen Yamai za su iya biyan kuɗin mota da direba, za su iya ɗaukar nauyin yaro guda a kowane aji.

Sai kuma masu ashana. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Paris, aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, wuta ta haɗa da makarantar Mishan ta Damagaram. Bafaranshen da ya yi zanen bai rasa ko alli ba. 'Ya'yan Musulmin gari ne suka wayi gari babu aji. Wanda ya yi shiru a ranar, ba shi da bakin yin kukan lalacewar ilimi.

Gwamnati kuwa, a 2025 ta umarci makarantu masu zaman kansu da su rage kuɗin karatu da kashi 20 cikin ɗari. Iyayen birni sun yi tafi. Sai dai makarantar da ke biyan malamanta daga wannan kuɗi, idan aka rage ba tare da tallafi ba, ko ta cusa yara a aji, ko ƙwararrun malamanta su kama gabansu. Kashi 20 na kuɗin da manomin Bankuku bai taɓa iya biya ba kuwa, bai ƙara masa komai ba. Muna jiran Ministan Ilimi ya gaya wa 'yan ƙasa azuzuwa nawa na siminti za a gina a gundumar Filinge, da ranar da za a sake buɗe waɗanda aka rufe.