Guga Mai Tsada, Ruwa Gurɓatacce: Hedifon da Muryar Shata

A Sallar Ganin da ta wuce na je gida Daura. Da yamma na iske ɗan yayata, ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin, zaune a zaure, kunnuwansa rufe da hedifon marar waya. Sau uku ina yin sallama bai amsa ba, sai da na dafa kafaɗarsa. Ya zabura ya ce, "Kawu, a gafarce ni, wallahi ban ji shigowarka ba." Don ya wanke kansa, sai ya miƙo mini na'urar ya ce in gwada. Ƙirar kamfanin Sony ce, samfurin WH-1000XM5 da ya fito a 2022 a kan dala 399, wansa ne ya aiko masa da ita daga Ingila.

Ina sanya ta, rurin janaretan maƙwabta ya ɗauke kamar an kashe shi. Wannan ba siddabaru ba ne. Sauti igiya ce mai tudu da kwari. Na'urar tana da ƙananan makirfo takwas da ke sauraron hayaniyar waje, sai ta haifar da wata igiyar kishiyarta, tudu ya faɗa cikin kwari, su kashe juna. Dabarar ta fi tasiri a kan ƙara mai ɗorewa, irin ta janareta ko injin niƙa. Muryar mutum takan ɗan kutsa, sai dai in kiɗa ya danne ta, kamar yadda ya danne sallamata. Amar Bose, malamin jami'a a Amurka, ya fara tunanin wannan fasaha a cikin jirgin sama a 1978, kamfaninsa kuma ya fitar da ita ga matuƙa jirgi a 1989. Yau ga ta a zauren gidanmu, tana yin awa 30 kafin a sake yi mata caji.

Yaron ya fara kunna mini wani kiɗa na zamani da aka naɗa a ingantaccen sutudiyo. Gaskiya na sha mamaki. Ina iya nuna inda kowane makaɗi yake, wannan a dama, wancan a hagu, har numfashin mawaƙin ina ji. Sai na ce ya sa mini Shata, domin muna zaune ne a garin da aka binne Alhaji Mamman Shata a 1999, garin ubangidansa, Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ya lalubo waƙar a memori, cikin waɗanda masu tura waƙoƙi a kasuwa suka zuba masa.

Abin da na ji ya sosa mini rai. Kalangu ganga ce mai magana: makaɗi yana matse tsarkiyarta a hammata, amo ya hau ko ya sauka, yana bin karin harshen Hausa. A wannan kwafi duk hawa da saukar sun cakuɗe. 'Yan amshi sun koma kamar suna waƙa daga cikin tulu, ga shuu ɗin tsohon kaset a ƙarƙashi. A ƙaramar rediyo ban taɓa lura da wannan ɓarna ba. Hedifon mai tsada shi ya tona asirin.

A nan darasin yake, mai karatu. Hedifon guga ne kawai. Ko da zinariya aka ƙera shi, abin da ke cikin rijiya shi zai ɗebo. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 na bayanin sauti a kowace daƙiƙa. Fayil ɗin MP3 da aka matse zuwa kilobit 128 bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, kuma abin da aka zubar wajen matsewa ba ya dawowa. Waƙar da ta taso daga faifan garmaho ko zaren rediyo, ta bi kaset bayan kaset, sannan aka matse ta, ta yi asara a kowane zango. Wanda ya ƙara mata ƙarfin amon ƙasa don ya gyara ta, ya ƙara binne muryar mawaƙin ne kawai.

Ita ma hanyar Bluetooth tana da nata ƙa'idojin. Tsarin SBC da kowace waya ke da shi yakan tsaya wajen kilobit 328. Tsarin LDAC na Sony yana kaiwa 990, amma sai wayar ta san shi: wayoyin Android da yawa sun sani, iPhone kuwa da AAC take aiki. Saboda haka mai niyyar saye ya fara duba wayarsa da ingancin abin da yake saurare, ya kuma yi hattara da jabu. In ba haka ba, ya yi tuya ya manta da albasa.

Sai batun kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙara. Ma'auninta ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. A nan hedifon mai kashe hayaniya yana da amfani na gaske, domin wanda ba ya gasa da janareta ba ya buƙatar ƙure ƙara. Amma a kan titi, tsakanin babura da motoci, toshe kunne ganganci ne. A zaure kuma, inda ake jiran sallamar baƙo, rashin ladabi ne.

Damuwata ta fi karkata ga rijiyar. Muna iya sayo guga daga Japan, amma ba wanda zai sayar mana da muryar Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos in ainihin naɗin ya lalace. Zaren kaset yana ruɓewa, zafi da ƙurar hunturu kuma ba sa raga masa. Ina kira ga Masarautar Daura, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da gidajen rediyo irin Rediyon Tarayya na Kaduna, da mu malaman jami'a, mu haɗa hannu a nemo naɗe-naɗen asali, da yardar iyalan mawaƙan, a kwafe su ba tare da matsewa ba. Kakaki da algaita da tamburan hawan Gani su ma a naɗe su da kayan aiki na ƙwarai, ba da wayar hannu kaɗai ba. Ɗalibanmu na fasaha za su iya, in an ba su horo da kayan aiki.

Da zan tafi na mayar wa ɗan yayata na'urarsa da sharuɗɗa biyu: ya rage ƙara, kuma in yana zaure ya bar kunne ɗaya a buɗe. Shi ma ya kafa mini nasa: in nemo masa Shata mai tsabta. Har yau ina cigiya.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.