Muhawarar Falsafa A Mashaya: A Ɗauki Tsarin, A Bar Musu Kwalbar

A shekarar 2001 wasu mazauna birnin Libaful na ƙasar Ingila suka fara wani abu da mutane da yawa suka ɗauka wasa ne. Suka riƙa haɗuwa a mashayar unguwa, su haɗa tebura, su ɗauki tambaya guda, kamar mece ce gaskiya ko mene ne 'yanci, su yi ta tattaunawa a kanta har lokacin tashi ya yi. Ba a tambayar kowa takardar shaidar karatu, don haka direban bas da malamin makaranta da tsohon da ya yi ritaya duk kujera iri ɗaya suke zama a kai. Sun kira haɗuwar tasu Philosophy in Pubs, wato falsafa a mashaya, kuma daga baya ta yi rassa a wasu unguwanni da garuruwan Birtaniya.

Na san da jin kalmar mashaya mai karatu zai yamutsa fuska, kuma yana da hujjarsa. To amma Hausawa na cewa ba a ƙin cin biri a ci dila, haka nan ba a ƙin kallon gonar maƙwabci don kawai ba a cin abin da ya shuka. Ra'ayina shi ne, abin da ya raya wannan haɗuwa abubuwa biyu ne: wurin da ba shi da ubangida, da kuma ƙa'idar sauraron juna. Giya ba ta cikin lissafin, hasali ma ita ce raunin tsarin, kamar yadda za mu gani.

Mutanen Libaful ba su ne farau ba. A watan Disamba na 1992 wani malamin falsafa Bafaranshe mai suna Marc Sautet ya fara zama da jama'a duk ranar Lahadi da ƙarfe 11 na safe a wani gidan shan gahawa da ake kira Café des Phares, a dandalin Bastille da ke birnin Paris. Mahalarta ke kawo batutuwa, a zaɓi ɗaya, a shafe sa'o'i biyu ana juya shi. Kafin rasuwarsa a 1998 irin wannan zama ya bazu a Faransa da wajenta. A Amurka kuma Christopher Phillips ya fara nasa a 1996 da sunan Socrates Café. Idan aka ƙara komawa baya za a tarar da Benjamin Franklin, wanda a 1727, yana ɗan shekara 21, ya tara abokansa masu sana'ar hannu a birnin Filadelfiya suka kafa ƙungiyar Junto. Su goma sha biyu ne, suna haɗuwa duk daren Juma'a, da farko a wata mashaya, kuma daga cikin wannan zama ne aka samu ɗakin karatun da suka kafa a 1731.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa duk waɗannan mutane suka guje wa zauren jami'a? Dole a fahimci matsayin mashaya a rayuwar Bature. Kalmar pub gajarcewa ce ta public house, ma'ana gidan jama'a. Wuri ne da mutum ke shiga ba tare da gayyata ba, ya zauna ba tare da neman izini ba, ya tashi lokacin da ya ga dama. Idan aka yi taro a gidan wani, mai gida ya zama shugaba ko bai so ba, domin ba a cin abincin mutum a ƙaryata shi a falonsa. Idan aka yi a jami'a, wanda bai yi karatu mai zurfi ba tun daga bakin ƙofa zai fara jin shi baƙo ne. Masanin zamantakewa Ray Oldenburg ya yi bayanin irin wannan wuri a littafinsa na 1989, inda ya kira shi wuri na uku, bayan gida da wurin aiki. Akwai kuma batun kuɗi. Mai mashaya yakan ba da ɗakin baya kyauta a daren da babu ciniki sosai, musamman da yake kasuwar tana ja da baya: gidajen giya a Birtaniya sun ragu daga kimanin 60,000 a shekarar 2000 zuwa kimanin 45,000 a 2023.

Wannan al'amari ya ƙara muhimmanci ganin yadda jami'o'in Birtaniya da kansu suke janye jiki daga fannin. Jami'ar Middlesex ta yanke shawarar rufe sashenta na falsafa a 2010 duk da zanga-zangar ɗalibai da malamai, sannan a 2024 Jami'ar Kent ta sanar da daina ɗaukar sababbin ɗalibai a wannan fanni. Dalilin da akan bayar bai wuce na kuɗi da ƙarancin ɗalibai ba. Idan makaranta ta ce koyar da tunani ba ya kawo riba, to ko dai jama'a su haƙura da shi, ko su nemo masa matsuguni da kansu.

Sai dai wuri kaɗai ba ya mayar da hira ta zama falsafa. A nan ne masu suka suke da abin faɗa. Wasu malaman jami'a sun soki zaman Sautet da cewa musayar ra'ayi ce kawai, kowa ya faɗi son ransa ya tashi, alhali falsafa aiki ce mai wuya da ke buƙatar karatu da haƙuri. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana. Duk taron da ba shi da ƙa'ida, mai babbar murya ne ke gaje shi. Shi ya sa masu wannan harka suka ba tsari muhimmanci. A irin zaman Libaful akan fara da ɗan gajeren gabatarwa, a rabu ƙananan rukuni kowanne ya fito da tambaya, a zaɓi guda, sannan a dawo a tattauna ƙarƙashin mai jan ragama wanda aikinsa raba dama ne da mayar da mutane kan hanya. Franklin ya fi haka tsanani, domin a ƙungiyarsa an haramta jayayya don neman galaba, har akan ci tarar 'yan kuɗi kaɗan ga wanda ya yi magana da gadarar cewa shi ke da gaskiya, ko ya ƙaryata ɗan'uwansa kai tsaye.

Domin mai karatu ya ga bambancin hira da bincike, ga misali daga Sukurat, wanda Turawa ke kira Socrates, mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa mutane tambayoyi a kasuwar birnin Atina har aka yanke masa hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. A farkon littafin Jamhuriya na almajirinsa Aflatun, zance ya biyo ta kan cewa adalci shi ne faɗin gaskiya da mayar wa kowa abin da ya ba ka ajiya. Sai Sukurat ya kawo misalin abokin da ya ba ka ajiyar makami yana cikin hankalinsa, daga baya ya haukace ya zo karɓa. Shin adalci ne ka miƙa masa? Da wannan tambaya guda ma'anar farko ta rushe, dole aka sake nemo wata. Wannan shi ne aikin: a faɗi ma'anar kalma, a kawo hujja, wani ya kawo misalin da ya saɓa, mai maganar farko ya gyara ba tare da jin an ci mutuncinsa ba. Duk teburin da ake yin haka, falsafa ake yi a kansa, ko da babu mai digiri a wurin.

Mu dawo kan kwalba. Ko a wurin Turawan, giya ba ta taɓa zama abokiyar wannan aiki ba. Shahararren littafin Aflatun da ya ginu a kan liyafar shaye-shaye ya fara ne da baƙin suna yarjejeniyar sassauta sha a wannan dare, saboda jiya sun sha har ya dame su, suka sallami mai busa sarewa, suka amince kowa ya yi magana bi da bi. Tsarin bai watse ba sai da mashaya suka faɗo gidan. A Ingila ma, wuraren da suka yi suna wajen muhawara a ƙarni na 17 gidajen gahawa ne, abin shan da ya iso musu daga ƙasashen Musulmi. An buɗe na farko a Landan a 1652, kuma da kwabo guda mutum ke shiga ya ji muhawarar masana, har aka yi musu laƙabi da jami'o'in kwabo. Zafin maganganun da ake yi a ciki ya sa Sarki Charles na Biyu ya ba da umarnin rufe su a ƙarshen 1675, amma cikin 'yan kwanaki ya janye. Bugu da ƙari, mashaya tana korar mutane da yawa daga zaman da ke iƙirarin na kowa ne. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai miliyan 3.9 a Ingila da Wales, ga waɗanda suka daina sha suna gudun komawa, ga matasan da shekarunsu ba su kai ba. Don haka ne wasu ƙungiyoyin suke zama a ɗakunan karatu da gidajen shayi.

Mu a nan Arewa wannan ba baƙon abu ba ne. A farkon shekarun 1940 an kafa Bauchi Discussion Circle, inda irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama ana tafka muhawara a kan sha'anin mulki da ci gaban ƙasa. Amma da yake da yardar jami'an mulkin mallaka da hukumar En'e aka kafa ta, da tambayoyi suka fara taɓa tsarin mulki ta hannun sarakuna da albashinsu, sai aka rufe ta. Darasin a bayyane yake: zauren da wani babba ya ba ka aro, ranar da ka yi tambayar da ba ta yi masa daɗi ba zai karɓe mabuɗinsa. Duk da haka, mutanen da suka goge a wannan zama su ne suka zo suka jagoranci siyasar Arewa ta ɓangarori daban-daban.

Wani zai ce ai muna da majalisu a kowace unguwa, ga teburin mai shayi, ga fada a Jamhuriyar Nijar. Gaskiya ne, wurin zama ba mu rasa shi ba. Abin da muka rasa shi ne tsari. A yawancin majalisunmu ana taɓo batutuwa goma cikin sa'a guda, daga ƙwallon Turai zuwa farashin man fetur zuwa wanda zai ci zaɓe, kuma da zarar mai kuɗin majalisa ko babban cikinta ya yi magana, zance ya ƙare. Wani kuma zai ce falsafa hanyar ɓata ce. Ya kamata a tuna cewa Imam Al-Gazali, wanda ya fi kowa shahara wajen sukar masana falsafa a kan wasu mas'alolin aƙida, shi da kansa ya rubuta littattafai a kan manɗiƙ, wato ilimin auna hujja, kuma a Daular Sakkwato an yi Shaihu Abdulƙadir ɗan Tafa wanda ya yi rubuce-rubuce a fannin falsafa. Tambayoyi irin su mece ce amana, ina iyakar biyayya ga na gaba, shin kunya da tsoro abu ɗaya ne, yaushe kyauta ke zama cin hanci, babu wanda zai ce sun fi ƙarfin likita da lauya da injiniya da ɗan kasuwa.

Ga wanda ke son farawa, shawarata ita ce ya fara da mutum takwas zuwa goma sha biyar, a tsayar da rana guda a wata wadda ba ta canzawa, da sa'o'i biyu da ba a wuce su. A zaɓi wurin da ba na kowa ba kuma mata za su iya zuwa cikin mutunci, kamar ɗakin karatu ko ajin makaranta ko wani lambu. Tambaya guda ta isa zama guda. Jan ragama ya riƙa zagayawa, kowa ya biya kuɗin shayinsa, a kife wayoyi, a ajiye Farfesa da Alhaji da Ranka-ya-daɗe a bakin ƙofa, wanda ya yi magana sau biyu ya jira wanda bai yi ko sau ɗaya ba. Sama da komai, a guji cutar da ke kashe ƙungiyoyinmu, wato a fara da zaɓen shugaba da ma'aji da uban ƙungiya, a buga kalanda, a kira bikin ƙaddamarwa da babban baƙo mai jawabi. Ranar da ɗan siyasa ya ɗauki nauyin lemo da ruwa, ranar aka sayar da 'yancin yin tambaya.

Al'ummar da masu iliminta ba su saba jin an ce musu "kawo hujjarka" ba tare da sun fusata ba, za ta ci gaba da warware saɓaninta da zagi a kafafen sada zumunta, wani lokaci ma da abin da ya fi zagi muni. Mutanen Libaful ba su jira gwamnati ko jami'a ba, tebur suka samu suka zauna. Mu ma teburin muna da shi, ga shayi, ga tambayoyin da suka daɗe suna jiranmu. Allah Ya ba mu haƙurin sauraron juna.