Bado Ya Tsiro Daga Cikin Taɓo

Ran 6 ga watan Yuni na 2025 ne Simbiatu Ajikawo, mawaƙiyar gambarar zamani da aka fi sani da Little Simz, ta fitar da faifanta na shida mai suna Lotus, watau Bado. A Landan aka haife ta cikin 1994, iyayenta kuwa Yarabawa ne daga Nijeriya.

Faifan ya fito ne bayan ta ɓata da Inflo, wanda ya daɗe yana haɗa mata kiɗa, har ta kai shi kotu a kan bashin fam miliyan 1.7 da ta ce ta ba shi. Mawaƙa da yawa in irin wannan ta same su, sai su ƙare a habaici da zage-zage. Ita ma da fushi ta buɗe, a waƙar “Thief”, amma sauran waƙoƙin 12 sun ratsa da mai sauraro ta cikin shakka da baƙin ciki har suka kai shi ga natsuwa. Ganguna da jita na gaske ne ke ɗauke da muryarta, kuma a waƙar “Lion”, wadda ta yi da Obongjayar ɗan Kalaba, ana jin ƙamshin kiɗan marigayi Fela.

A ganinmu darajar faifan ke nan. Masu cewa gambara hayaniya ce kawai, ya kamata su saurare shi kafin su yanke hukunci. Matasanmu masu wannan sana'a kuwa, musamman mata, su lura da yadda ake sarrafa ɓacin rai ya zama aiki mai ɗorewa.