Tsoron da muka dasa wa tsarin iyali, mata yake cuta

Akwai maganar da ta zauna daram a majalisun maza da gidajen suna da motocin haya, har ta zama kamar ba ta buƙatar hujja: wai magungunan tsarin iyali makircin Turawa ne na ƙarar da mu, kuma duk macen da aka yi wa allura ko aka sa mata ashana a dantse, to mahaifarta ta mutu ke nan. Ban yarda da wannan magana ba, kuma ina ganin an daɗe ana yi mata kara. Ba ta hana mata neman hutu tsakanin haihuwa da haihuwa ba, domin wadda ta galabaita sai ta nema ko ta halin ƙaƙa. Abin da ta hana su shi ne nema a fili, a wurin wanda ya san aikin, da sanin mazajensu.

Zargin yana da tushe, ba zan ɓoye ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta a 2009. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mun ga abin da gudun ya jawo a kan shan inna: yaranmu ne suka gurgunce, ba na Turawa ba. Haka ma a nan, matanmu ne ke biyan kuɗin tsoron.

Mai cewa tazarar haihuwa baƙon abu ne ya je ya tambayi kakarsa. A da, mace kan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi jego a can, wata ta daɗe ba ta koma ba. Yaro kan sha nono wajen shekara biyu kafin a yaye shi, kuma ana sa ran miji ya kama kansa. Wadda ta yi kwanika, wato ta ɗauki ciki da goyo a bayanta, ita da mijin duka sai sun sha gori a wurin tsofaffi, don an san nono zai ragu, na goye ya rame, uwar ta lalace. Yau fa? Ana yin arba'in ta dawo ɗaki, sau da yawa ɗakin ma guda ne, kafin yaro ya fara tafiya an sami wani cikin. Mu maza ne muka watsar da tsohuwar al'adar saboda ta yi mana nauyi, sannan muka tsaya a ƙofa muka hana sabuwar hanyar shigowa. Wannan rashin adalci ne, kuma ba a jikinmu yake sauka ba.

Masu fakewa da addini kuwa, ina roƙonsu su koma ga malamai su tambaya da kyau. Alƙur'ani ya ambaci shayarwar shekara biyu. Hadisin Jabir ya tabbatar sahabbai suna yin azalu a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a hana su ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa ba ya halatta hukuma ta ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya, ba ya halatta a kashe haihuwa ɗungurungum sai da larura, amma ya halatta miji da mata su jinkirta ciki na wani lokaci bisa shawara da yardar juna, muddin babu cutarwa. Ba wanda yake cewa a ƙi haihuwa don tsoron talauci. Ana maganar macen da jininta bai gama dawowa ba ne, da wadda aka yi wa aiki bara, da mai hawan jini da ta sha jijjiga a haihuwar da ta wuce.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda tsoron ya dunƙule hanyoyi da yawa ya mai da su abu guda, alhali sun bambanta ƙwarai. Akwai ƙwayoyin da ake sha kullum, kuma su ma iri biyu ne: mai haɗin sinadari biyu ba ta dace da mai hawan jini ko sabuwar mai jego ba, amma akwai mai sinadari ɗaya da mai shayarwa za ta iya sha. Akwai allurar wata biyu, akwai ta wata uku irin Depo-Provera, akwai Sayana Press da ake koya wa mace ta yi wa kanta a gida. Ashanar da ake sawa a ƙarƙashin fatar dantse, Implanon na yin shekara 3, Jadelle shekara 5, kuma duk ranar da aka so ana cirewa. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta ɗauke da irin sinadarin da ke cikin allura da ashana, tana iya kai shekara 10, amma takan ƙara yawan jinin wata ga wasu. Akwai kwaroron roba, wanda shi kaɗai ne ke kare cututtukan saduwa. Akwai ƙidayar kwanaki da carbi ga wadda al'adarta ke zuwa a kan tsari. Ita kanta shayarwa hanya ce, amma da sharaɗi uku a haɗe: nono zalla dare da rana, yaro bai kai wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi, kuma a nan ne mata da yawa ke ruɗuwa.

To, ina batun mutuwar mahaifa? Wadda aka cire wa ashana ko roba tana iya ɗaukar ciki cikin ɗan lokaci. Allurar wata uku ce ta fi jinkiri: bayan allura ta ƙarshe, mace na iya yin wata 10 ko shekara guda kafin ta sami ciki. Jinkiri ne, yana wucewa. Amma idan ba a gaya mata tun farko ba, wata shida kawai za ta yi shiru dangin miji su fara nuna ta da baki, labari ya zaga unguwa cewa allura ta kashe mata mahaifa. Abubuwan da suka fi toshe haihuwa da gaske su ne ciwon sanyin da ba a yi magani ba, da zubar da ciki a hannun wanda bai iya ba, da ƙazanta wajen karɓar haihuwa, da matsalar da ke jikin mijin kansa, wadda ba mu son a ambata.

Akwai kuma illar da take gaskiya ce, kuma ma'aikatan lafiya ba su kyauta ba da suke wuce ta da sauri. Allura da ashana sukan rikita jini: wata ya riƙa ɗiga mata kwana da kwanaki, wata ya ɗauke gaba ɗaya. Ga mace Musulma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Salla ce a ciki, da azumi, da shimfiɗar aure. Tana bukatar ma'aikaciyar da za ta zauna ta gaya mata abin da zai iya faruwa a watannin farko, da maganin da ake bayarwa, da cewa tana da damar sauya hanya in wannan ba ta karɓe ta ba. Tana bukatar malamar Islamiyya da za ta bambance mata haila da istihala ba tare da ta tsawata mata ba. Wadda ta yi abin a ɓoye ba ta da ko ɗaya daga ciki. Ta aiki yaro kemis, ko ta laɓaɓa da kanta, an caka mata abin da ke akwai ba tare da an auna jininta ba. Wata kuma ta mai da Postinor-2 abin sha duk mako, alhali an yi shi ne don gaggawa, cikin kwana 3 bayan saduwa. In jini ya ɓalle ba ta da bakin faɗa wa kowa. Ɓoyon nan mu muka jawo shi da bakinmu.

Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2023 zuwa 2024 ta nuna kashi 15 cikin 100 ne kawai na matan aure a Nijeriya ke amfani da hanyar zamani, yayin da wajen mace 1 cikin 5 ke son jinkirta ciki ko tsayawa amma ba ta amfani da komai. A ƙididdigar 2018, arewa maso yamma ba ta kai kashi 7 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 75,000 suka mutu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ajali na Allah ne, amma Allah bai hana mu ɗaukar sababi ba, kuma ciki a kan ciki yana cikin abubuwan da ke kai mace ga zubar jini da rashin ƙarfi ranar naƙuda. Shawarar hukumar ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin, kusan daidai da abin da kakanninmu ke yi.

Gwamnati ma tana da nata. Tun 2011 aka ce kayan tsarin iyali kyauta ne a asibitocin gwamnati, amma an dogara da tallafin waje, kuma mace kan yi tattaki ta tarar abin da take so ya ƙare, ko a ce ta sayi safar hannu da auduga. Mai ganin hannun baƙi a cikin lamarin, ya matsa wa gwamnonin jihohinmu su saya da kuɗinmu, su horar da 'ya'yanmu mata su riƙa yi. Mu maza kuma muna da abin koyi: a Damagaram an kafa makarantun mazaje inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, kuma Hausawa ne irinmu.

Maigida, kai nake wa magana. Ba na ce ka rage yawan 'ya'yan da kake fata ba. Ka dubi matarka da idon rahama, ka tambaye ta yadda jikinta yake bayan haihuwar nan, ka saurari amsar. In ta ce tana son hutu, ka raka ta asibiti da ƙafarka, ku ji bayanin hanyoyin tare, ku tambayi illar kowace, ku zaɓi wadda ta dace da lafiyarta.