Koke Kan Rashin Na'urar Ciro Abin da Yara Suka Haɗiye

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya,

Ranka ya daɗe, kuka na kawo.

'Yata mai shekara 3 ta haɗiye batirin na'urar gwajin sukari ta kakarta, irin faffaɗan nan mai kama da kwabo. Muka ga yawu na dalala, ta ƙi abinci. Da la'asar muka isa babban asibitin garinmu, hoton ƙirji ya nuna shi maƙale a bututun abinci. Likita ya ce aikin ba shi da wuya: a sa ta barci, a zura siririn bututu mai kyamara ta baki, a kamo shi. Amma na'urar yin wannan aikin ta lalace tun bara, kuma wanda ya iya sarrafa ta an yi masa sauyin wurin aiki. Aka ba mu takardar zuwa asibitin koyarwa. Sai washegari aka ciro shi.

Ranka ya daɗe, batir ba ƙayar kifi ba ne. Da ya taɓa danshin maƙoshi, wutarsa takan haifar da sinadari irin sodar sabulu, ya shiga cin nama, kuma cikin awa 2 ɓarna mai tsanani na iya faruwa. Yakan huda har hanyar numfashi ko babbar jijiyar jini. Allah ya tsare mu daga wannan, amma wurin ya warke da tabo, hanyar abinci ta ƙuntace. Yau kunu kawai take iya sha, kuma muna ta zirga-zirga ana buɗa hanyar da balan-balan ɗin likitoci. Na sayar da akuyoyina saboda kuɗin magani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a gida sai da muka ɗura mata lomar tuwo wai ta tura batirin ƙasa. Ba wanda ya taɓa faɗa mana cewa kuskure ne.

Ina roƙo a gyara na'urar, a turo likitan da zai riƙe ta dare da rana, a kuma umarci masu karɓar marasa lafiya kada su sa yaron da ya haɗiye batir a layi. A yi wa iyaye bayani a rediyo da Hausa.

Don Allah, ranka ya daɗe, a duba mana kafin wani uban ya zo da tasa 'yar.

Naka mai biyayya,
Wani mahaifi