Zuwa ga Likitan da Ya Yi wa Ƙanwata Magani



Ba lalle ka gane ni ba, don masu jinyar da ke wucewa ta gabanka sun fi a ƙirga. Ni ce yayar malamar makarantar nan da ka yi wa maganin sankarar mama shekara huɗu da suka wuce, ni nake zama a bakin gado riƙe da robar amai in an ɗaura mata jan ruwan nan na kemo. Ta warke. Gashinta ya tsiro, ta koma aji. Mahaifiyarmu ba ta idar da salla ba ta sa ka a addu'a ba, ni ma haka. Ka riƙe wannan a ranka kafin ka ci gaba da karantawa.

Al'adarta ce ba ta dawo ba. Tun a zagaye na uku na kemo ta ɗauke, muka ce wuya ce jiki ya sha. Shekarunta 34 a lokacin, aurenta bai cika shekara biyu ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Cikin dare, a tsakiyar hunturu, sai zafi ya taso mata ta jiƙe sharkaf, ta tashi tana fifita da murfin kwano. Bara wata likitar mata ta auna jininta, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Kafin a fara miki, ba wanda ya yi miki maganar adana ƙwai?" Ƙanwata ta juyo ta dube ni. Ni na riƙe mata fayil tun ranar farko, ni na shiga ofishinka tare da ita sau ba adadi, amma ban taɓa jin wannan magana ba sai ranar.

Tun daga nan na shiga tambaya da karatu. Ashe mace da ƙwayayenta ake haifar ta, wajen miliyan ɗaya zuwa biyu, raguwa kawai suke yi, ba a ƙara ko ɗaya. Ashe saiklofosfamaid, ɗaya daga cikin magungunan da aka ɗura mata, yana cikin waɗanda suka fi cinye su, kuma ɓarnar ta fi tsanani ga wadda shekarunta suka fara ja. Gashin da ake yi wa mara da na'ura shi ma haka yake ƙone su. Duk wannan ka san shi tun ina aji nawa. Abin da ya hana ni barci shi ne akwai dabara, kuma ba sabuwa ba ce. Allurai na kamar mako biyu, a ciro ƙwayayen da suka nuna, a daskarar da su a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili har ranar da mai su ta shirya. Tun 1986 aka haihu da irin wannan ƙwai a Ostareliya. Wadda ba ta da mako biyun jira, ana iya yanko ɓangaren ma'ajiyar ƙwanta a adana, a mayar mata in ta warke. A 2004 wata da ta yi fama da kansar Hodgkin ta haihu ta wannan hanya a Beljiyam, a hannun Farfesa Jacques Donnez. A can ɗin dai wata mai sikila, wadda aka adana nata tana 'yar shekara 13 kafin a yi mata kemo da dashen ɓargo, ta girma ta haifi ɗanta. Mu da sikila ta yi wa katutu, wannan labarinmu ne. Wadda za a gasa wa mara kuwa, ana iya yi mata aiki a ɗaga ma'ajiyar ƙwan sama, a kawar da ita daga inda zafin zai bi.

Kwana 24 muka yi tsakanin fitowar sakamako da ranar da aka ɗaura mata ruwan farko. Na ƙirga a littafina. Muna ta haɗa kuɗi, muna jiran layi. Kwanakin nan sun isa.

Na san abin da za ka ce, kuma ban raina shi ba. Yawancin matan da ke zuwa wurinka sai ciwo ya ci ya cinye suke isowa, ceton rai kake yi. Wuraren da ke wannan aiki kaɗan ne, sai an niƙi gari zuwa Abuja ko Legas, kuɗinsa kuma ba na malamar makaranta ba ne. Ba kuma duk wadda ta adana ke samun haihuwa ba. Na yarda. Amma ranka ya daɗe, lissafin aljihunmu ai namu ne. Mun sayar da filin gadonmu saboda kemo, muna da sauran ɗan gwal. Wataƙila da mun iya, wataƙila da mun kasa mun rungumi ƙaddara da idonmu a buɗe. Akwai ma allurar gosarelin ta wata-wata da ke kwantar da ma'ajiyar ƙwai lokacin kemo. Ba ta kai daskarewa tabbas ba, amma an gwada ta a kan masu sankarar mama an ga tana rage ɓarnar. Ko ita ba a ambata mana ba. Tun 2006 ƙungiyar likitocin kansa ta Amurka ta ce a riƙa yi wa majinyaci wannan bayani kafin a fara magani.

In kuwa kunya ce ko tsoron abin da malamai za su ce, Darul Ifta ta Masar ta halatta adana ƙwai a 2019, bisa sharaɗin da maniyyin mijin matar za a haɗa shi, aure kuma yana nan. Haihuwa ta Allah ce, haka waraka ma ta Allah ce, bai hana mu zuwa wurinka ba.

Kai ɗan ƙasar nan ne, ka san abin da ake kiran macen da ba ta haihu ba. Mijinta mutumin kirki ne, bai taɓa goranta mata ba, amma danginsa sun fara maganar ƙarin aure a gabanta. Ranar sunan ɗan maƙwabciyarta ita ta yi girkin gaba ɗaya, ta dawo ta rufe ɗaki.

Zuwanmu na ƙarshe, a kan bencin da ke ƙofar ofishinka, mun zauna kusa da wata yarinya, lallen bikinta ko gogewa bai gama yi ba, mahaifiyarta na riƙe da ambulan ɗin sakamako. Bayanmu ta shiga. Don Allah, in ba a riga an ɗaura mata ruwan ba, ka tura ƙofa ka zaunar da ita, ka tambaye ta ko tana son haihuwa.

Wassalam,
Yayar majinyaciyarka.